Kada ka harba harsasan jiya

Fermín,

Na wuce kasuwa kai maruƙa, ban tashe ka ba.

Harsasan da ka ɗura jiya da yamma, kada ka sa ko ɗaya a bindiga. Ina kallonku kai da Hilario, ƙoƙon shayin mate yana zagayawa, kai kuma kana zuba albarushi. Ya miƙo maka, ka ajiye awo ka sha, ka ci gaba kamar ka san inda ka tsaya. Don dai gaban baƙo ne na yi shiru. Ɗazu na girgiza su a kunne, na ji ɗaya babu komai ciki. Irinsa ne ke maƙalewa a bututu, na bayansa ya tashi da fuskar mutum.

Na san za ka ce, "Haba Baba, ɗaya ne fa." Ɗaya na gano.

Kwance su duka, ka sake awo. In Hilario ya miƙo ƙoƙo, ce masa ka gode, ya tsallake ka. Aladen daji ba inda za su.

Kada ka wahala neman sakatar bindigar, tana aljihuna.

Babanka