Lambobin Sarjan a Kan Sikeli

Garin Tawa, daren Laraba

Mi ke da nauyi a ƙirji, amma ba shi motsa sikeli?

Yau aka buɗe akwatin maigidana Sarjan, Allah jiƙan shi, don rabon gado: hular soja, butar ƙarfe, lambobin yabo. Liman ya ce ba su rabuwa, sai a saida. Jikana Sule ya kawo mai sayen tsohon ƙarfe.

Na ce ma Sule, "Kai angon banza, tsaya in faɗi inda Sarjan ya samo kowace lamba, ka rubuta."

Ya yi dariya. "Kaka, jiya kin ce har zaki ya kayar!"

Ba wanda ya rubuta komai. Ran da na mutu, labarin ya bi ni.

Mutumin ya aza lambobin bisa sikeli, allura ko girgiza ba ta yi ba.

Amsa: lambar soja ce.