Kunnen Clovis Yana Cikin Akwatinka

Lafayette, Louisiana

Zuwa ga Yayana Lucien,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Corinne da yara, ya kuma kare ku daga sanyin Alaska da ka zaɓar wa kanka ana zaune ƙalau. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi har ta koma zuwa coci da ƙafarta, kuma ta ce in tuna maka boudin ɗin, tsiran naman aladen nan da ta aiko, ba naka ba ne kai kaɗai. 'Yarmu Noelie ta fara aiki a asibitin yara, tana jin daɗinsa.

Maganar mijina Clovis ce ta sa na ɗauki biro. Ka san situdiyon da ya haɗa a gareji, inda yake tace wa makaɗan garin nan waƙoƙinsu tun da ya bar aikin rijiyar mai a teku. To, kwanan nan aiki ya fara dawo masa. Wasu masu kiɗan zydeco, kiɗan rawan mutanenmu na nan, suka karɓi faifansu, suka saurara a mota, suka dawo da shi, wai ƙarar allon ƙarfen nan da ake kankara da cokali tana yanka kunne. Clovis ya ce lasifikar motarsu ce ta banza. Wasu ma suka dawo da nasu, ya ce yaran zamani ba su san kiɗa ba. Ni kuwa na daɗe da gane cewa kunnensa ne ya fara rauni, don ƙararrawar tanda sai ta yi ta ihu yana zaune kusa da ita yana shan kofi. Amma ka san surukin naka da taurin kai, wa zai gaya masa?

Noelie ce ta sa masa wata manhaja a kwamfuta. Aikinta mai sauƙi ne. Za ka ba ta waƙar da ka yarda da sautinta, ka ba ta wadda kake aiki a kai, sai ta auna su tun daga sauti mai kauri irin na ganga har zuwa siriri irin na kuge. Daga nan ta zana layi biyu a allo, duk inda suka rabu ta nuna maka a ƙara ko a rage. Ya zauna yana ƙunƙuni, wai shi da ya fara aikin nan tun mai manhajar yana rarrafe. Noelie ta ba ta wata waƙar rediyo da kuma faifan da aka dawo masa da shi. Da layukan suka fito, a wajen sauti mai kauri tare suke tafiya, amma a wajen siriri nasa ya miƙe sama kamar rufin coci. Ashe abin da ba ya ji ne yake ta ƙarawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in tsaya a bayansa in kaɗa makullai. Na kaɗa. Can sai ya ce wai me nake jira ne, in kaɗa mana. Yaya, fita na yi bayan gida na yi kuka.

Bayan haka ya gwada aiki da manhajar, ya ba ta wata waƙar mawaƙan birnin Nashville da ake yawan sawa a rediyo. Ƙarar da ke yanka kunne ta tafi, amma muryar akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, ta zama ba tamu ba, kiɗan ya fito salaf kamar miyar gumbo ba yaji. Ya ce zanen aro ba ya rufe katara, gara ya rufe garejin da ya riƙa sa wa mutanenmu sautin wasu. Har ya ɗauki hotunan kayan aikinsa zai sa su a kasuwa. Masu zydeco ɗin sun ce za su jira shi zuwa kafin bikin Mardi Gras, in bai gyara ba su kai wani wuri. Idan suka tafi, na san ba zai sake shiga ɗakin nan ba.

Shi ne na tuna faifan da kuka yi tare kafin ka tafi, kai a akodiyan, shi a ganga, wanda ya tace da hannunsa lokacin kunnensa garau. Namu ambaliya ta tafi da shi. Na asalin yana wurinka, a akwatin da kake ajiye kayan akodiyan. Da na ce masa manhajar ba ta damu da waƙar wa aka ba ta ba, ko tasa ce za ta auna, sai ya ce kada in dame ka. Washegari kuma ya tambaye ni, yana kallon taga, wai ko Lucien ɗin nan mai yasar da kaya zai iya ajiye abu har yanzu. Hotunan dai na lura bai sa su a kasuwa ba.

Don Allah ka aiko da faifan kansa ta gidan waya. Noelie ta ce kada ka turo shi ta wayar hannu, tana yanke siririn sautin, shi kuwa muke nema.

Ka gaishe min da Corinne, da Ambrose, da 'yar auta Zeline. Mama da Noelie suna gaishe ku. Clovis bai san na rubuto ba, amma duk lokacin da motar gidan waya ta tsaya sai ya leƙa. Ba ya jin ta, a taga yake tsare ta. Ka aiko masa da kunnensa, Yaya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Odile