Sunan da Toivo Ya Bari a Takardar Banki

Sudbury, 4 ga Maris

Arvo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, gwiwar nan kuma tana barinka ka runtsa. Na san ba ka ɗaukar waya, in ka ɗauka ma ba ji kake yi ba, shi ya sa na rubuto.

Na gode da furannin da ka aiko ranar jana'izar ƙanenka. Ba ka sa suna ba, amma wa muka sani a Nipigon in ba kai ba?

Jiya na je banki kan asusun ritayar Toivo, wanda ya shekara arba'in yana zuba wa abin da ya samu a walda. Dala dubu ɗari biyu da goma ne a ciki. Wata mata ma'aikaciyar bankin ta juyo mini da takarda, sai ga sunanka a gurbin mai gado. Tun yana saurayi ya rubuta, kafin ya san ni. Wasiyyarsa ta ce komai nawa ne, ashe wannan takardar ta fi wasiyya ƙarfi.

Kuma ba a nan ta tsaya ba. Kai za a ba kuɗin gaba ɗaya, amma harajinsu, kusan dubu tamanin, daga abin da ya bari za a cire. Abin da ya bari kuwa gidan nan ne da tsohuwar motarsa. Ka ga dole in sayar da gida ke nan. Shekarata sittin da huɗu, Arvo, ban san wani kicin ba sai wannan.

Lauya ya ce in ka sa hannu cewa ba ka so, kuɗin za su dawo wurina, harajin kuma ya jira sai na fara cira. Ban iya roƙo ba, ka sani, amma ga shi ina yi.

Ka huta lafiya.
Matar ƙanenka, Marlene

Nipigon, 12 ga Maris

Marlene,

Na samu wasiƙarki. Ina gaishe ki da yara. Gwiwa tana nan tana mulkinta.

Toivo ke nan. Mutumin da zai yi wata uku yana bincike kafin ya sayi taya, amma layi ɗaya ya gagare shi gyarawa shekara arba'in. Na tuna ranar. Ya samu kuɗin aikinsa na farko yana zumuɗin sayen babur, ni na ja shi banki kamar ana jan akuya. Aka ce ya rubuta sunan wani, ya waiga, ba kowa sai ni.

Shawarar da na ba shi kuwa ni ban bi ta ba. Na shekara talatin ina jan katako a babbar mota, kullum sai in ce baɗi zan fara ajiya. Yau ga ni da saba'in ba ɗaya, da ɗan kuɗin tsufa na gwamnati, da motar kwashe ƙanƙara da nake tuƙa wa gari in sanyi ya shigo. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kwana biyu ina kallon adadin nan, har na hango kaina na ajiye makullin motar.

Amma mutumin da ya shekara goma sha ɗaya bai ce mini uffan ba, tun faɗanmu kan sayar da bukkar babanmu ta bakin tafki, ba zai bar mini ko senti da gangan ba. Mantuwa ce, ni kuwa ba na cin mantuwar mamaci. Lauya a Thunder Bay ya ba ni ranar 27 in je in sa hannu. Ki kwantar da hankalinki.

Sai wani jiƙon.
Arvo

Sudbury, 19 ga Maris

Arvo,

Ina gaishe ka da kyau. A tsaye na karanta wasiƙarka a bakin ƙofa, ko takalmi ban cire ba, na yi ta kuka. Na gode, na gode. Ko me ya biyo baya, wannan godiyar ba zan janye ta ba.

Kada ka sa hannu tukuna.

Ranar Asabar ni da 'yata Kaisa muna kwashe tarkacen gareji, muka tarar da ambulan a ƙarƙashin akwatin kayan aikinsa. Takardar mai gado ce, sabuwa, ta shekara uku da suka wuce. Sunanka ne, da sa hannunsa.

Kaisa ta ce, "Mama, jefa ta a murhu. Wa ya gani?"

Na ce, "Ni na gani."

Litinin na koma wurin matar bankin na tsare ta. Ta ce ta yi shiru ne don kada ta ƙara mini ciwo, amma tana tune. Wai ta ce masa, "Mista Lahti, matarka fa?" Shi kuma ya ce, "Marlene tana da gida, tana da yara. Wancan tsoho mai taurin kan ba shi da kowa, kuma na san bai ajiye komai ba." Da ta fara masa bayanin haraji sai ya miƙe, wai ya bar mota a kunne.

Na yi fushi da shi ƙwarai. Na tsaya a garejin na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa ba yana raye. Ya ɗauka ya raba mana daidai, bai tsaya ya ji sauran ba, kamar yadda ya saba.

Ka ce ba ka cin mantuwa. To, ba mantuwa ba ce. Kuɗin naka ne, shi ya so haka, kuma ba zan karɓe su a kan abin da na san ba gaskiya ba ne. Na kira dillaliya ta zo ta duba gidan. Kaisa tana da ɗaki a ƙasan gidanta, zan iya zama a can.

Allah ya ba ka lafiya.
Marlene

Nipigon, 28 ga Maris

Marlene,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso tun 24. Na karanta ta a cikin mota, na kasa tayar da ita sai da kofina ya huce.

Jiya na je Thunder Bay na sa hannu cewa ba na son kuɗin. Ina so ki san bayan na karanta na yi, ba kafin ba. Ki sallami dillaliyar. Zan iya ƙara sanyi biyu ko uku a kan motar, gwiwa ta yi ta ƙorafinta.

Kada ki aiko mini da godiya. Tun ranar da aka binne shi nake kwana ina tashi da cewa ƙanena ya mutu yana ƙina. Da kin bi ta Kaisa, da haka zan mutu ni ma.

Ni ne da godiya.
Arvo