Akwatin Inna Barira

Malama Hindatu, don Allah ki fid da ni, na rasa inda zan sa kaina.

Inna Barira yayar mahaifiyata ce, ita ta goye ni da uwata ta rasu, ita ta kai ni makarantar allo. 'Yar bori ce, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Bana idonta ya mutu, na ɗauko ta daga Ɗan Kassari zuwa gidana a Dogondutsi. Ta zo da akwatin tufafin iskokinta. Abokina Abdurrahman, da muke karatu tare a masallaci, ya ga ana sauke shi, ya ce gidan mai sunna ba ya ɗaukar wannan, in ƙone.

Na kasa. Na ɓoye shi a shagona ƙarƙashin buhunan shinkafa. Shi abokin nawa na ce masa na ƙone, ita na ce mata an mance shi a tasha. Yanzu a masallaci har misali ake yi da ni ana yabona, ni kuwa kunya kamar in nutse. Inna ta rage cin abinci, kullum tana laluben bango tana neman ƙofa, wai ƙauye za ta koma. Wa zai ba ta ko ruwa a can? Wallahi ban yarda da bori ba, amma ina son tsohuwar nan.

Ɗan Inna, Dogondutsi

Ɗan Inna, don gudun magana ɗaya ka yi ƙarya biyu, ga shi sun tsare ka.

Abdurrahman na da gaskiya a gefe guda: kada ka yanka wa iska ko kaza, kuma kana da ikon cewa ba a wasan bori a gidanka. Amma addinin da ya hana ka bin iyaye cikin shirka, shi ya umarce ka da kyautata musu, kuma bai yarda a tilasta wa kowa imani ba. Akwatin nata ne. Ko ka ƙone shi, abin da ke zuciyarta ba zai ƙone ba.

Ka gaya wa abokinka gaskiya; yabon nan da ma ba naka ba ne. Ka nemi gafarar Inna, ka ci gaba da yi mata addu'a da nasiha mai taushi. Tana da iskokinta ta kama hannunka ta kai ka gaban malam. Kai ma ka kai mata akwatinta da hannunka, ka zauna har ta ci tuwo.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya maka zuciya.