Na Riƙe Saƙon Alhaji a Layi

Jiya Alhaji ya tsuguna a gabana yana roƙona, ni kuwa na ji daɗi har cikin ƙashina. Salamu alaikum masu wannan fili. Kada ku saka sunana, kuma mai niyyar yi mini wa'azi ya bari in gama tukuna.

Ni tsohuwa ce a Kumbiya-Kumbiya. 'Yata tana da shagon kwamfuta a Herwagana, kuma a wajenta injin da ke tura wasiƙun ƙungiyar 'yan wake yake. In layin sadarwa ya ɗauke, saƙonni sai su taru su yi layi a ciki kamar mata a bakin famfo. Da haihuwarta ta matso ta ce, "Inna, ba na yarda da kowa da injin nan sai ke." Ta zaunar da ni gaban wani baƙin allo, babu hoto babu komai, sai abin da ka rubuta. Ta koya mini abin da zan buga in ga layin, da na sakin su in sadarwa ta dawo, da na riƙe saƙo ɗaya ta lambarsa, da na gogewa. Ta ce, "Na gogewar nan, Inna, ko da wasa."

Tana gida tana wankan jego, na buga na duba layi, sai ga sunan Alhaji, ashe shi ma ɗan ƙungiyar ne. Injin ba ya nuna maka abin da ke cikin saƙo, lamba ce kawai da sunan mai aikawa da inda za shi. Sunan ya ishe ni.

Ku san waye shi. Lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan aka fara rububin filaye, shi akawu ne a ofishin ƙasa. Mijina ya rasu ya bar mini gona a Kwadon da jaririya a baya. Ya zo da takarda wai ta tabbatar mini da gonar ce. Na ce a karanta mini. Ya yi dariya ya ce, "Dangwala kawai, ke da takarda ai sai ƙunshin ƙosai." Na dangwala. Damina ba ta zagayo ba ya kafa turakunsa a gonar, ta zama tasa. Maganar ƙosan nan ce ta kai ni ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina, yara suna leƙe ta taga.

To na buga lambar saƙonsa na riƙe. Na saki na kowa, nasa na tsaye. Ya sake turowa, na sake riƙewa. Laifi ne? Shi bai taɓa jiran komai ba a duniya, ni na jira gonata har gwiwata ta mutu.

Jiya ya shigo da sanda, bai ma gane ni ba. Ya ce, "Inna, ina mai injin?" Na ce tana jego. Ya ce saƙonsa ya ƙi tafiya, hotunan asibiti ne na matarsa, likita a Kano yana jira ya gani kafin ya sa ranar aiki, ita kuma ba ta iya zaman mota. Ya ce shugaban ƙungiya ya rantse in abin bai gyaru ba zuwa Juma'a za a ɗauke injin daga hannun 'yata. Daga nan ya tsuguna. "Don Allah Inna, ko kin iya karatu ki duba mini?"

Na dube shi na ce, "Ni da takarda, Alhaji, ai sai ƙunshin ƙosai."

Ya ɗago kai. Ya daɗe yana kallona. Ya dafa sanda ya fita.

Matar ba ta taɓa yi mini komai ba, ban ma san fuskarta ba, wannan kam yana ba ni kunya. 'Yata kuma ba ta san abin da na yi da amanarta ba. Amma yanzu ya san ni ce, kuma ina so ya dawo da ƙafarsa ya kira sunan gonar da bakinsa. Saƙon yana nan a tsaye, layi ɗaya zan buga ya tafi. Gobe Alhamis. Me zan yi?