Inna ta tsallake ni

Daren Laraba, Gazawa

An sake mayar da ni daga ɗaukar jandarma. Gudu na yi, rubutu na ci, tsawo ne ya kayar da ni, abin da bai kai faɗin yatsa biyu ba.

Na biya likita wurin majo, babban malamin jinya, ko akwai allurar ƙara tsawo. Ya ce, "Samari, a shekarunka ƙashi ya riga ya rufe, ko kwana kake rataye a reshe. Kun sha yunwa kana ƙarami?" Na tuna shekarar yunwar da muka rayu da anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci.

A gida Inna ta ce ta san dalili: ta taɓa tsallake ni ina jariri, ba ta komo ba. "Kwanta in warware, ɗan nan."

Na kwanta bisa tabarma, ƙato da gemu. Ta dafa bango, ta ɗaga ƙafarta mai ciwo da ƙyar, ta tsallaka da baya tana bisimilla.

Ban faɗa mata zancen majo ba. Gara ta ɗauka ƙafarta ce ta cuce ni, ba tukunyarta ba.