Sun sa rabin maganata a talabijin

Torunn, ki taimaka mini. Shekarata saba'in da tara, ban taɓa rubuta wa jarida ba. Na bar makaranta ina da sha uku na shiga jirgin kamun kifi, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

A watan Maris 'yan talabijin suka zo tsibirinmu, lokacin da majalisa ke ta gardama kan ma'aikata baƙi. Aka turo su wurina, don ni ne ke riƙe da tarihin garin nan a ka. Na san sunan kowane jirgi da ya nutse tun zamanin kakana, da mutanen da ke cikinsa. Suka tsayar da ni ƙarƙashin katakon shanya kifi, cikin iska, na yi minti arba'in ina magana. Har kofi na dafa musu da kofunan matata marigayiya Borghild, waɗanda ko ni ba na taɓawa.

Da labaran ƙarfe bakwai suka zo, daƙiƙa goma sha ɗaya suka sa. Ga ni ina cewa tun da mutanen ƙasar Lithuania suka zo, babu ɗan garin nan da ke shanya kifi. Na faɗa, ban musa ba. Amma a numfashi guda na ƙara da cewa ba don su ba, da katakon nan ya ruɓe babu kifi a kai, domin 'ya'yanmu duk sun tafi birnin Oslo. Wannan suka yanke. Washegari wata jam'iyya ta ɗauki fuskata tana yawo da ita.

Maƙwabcina Rimantas ɗan Lithuania ne. Ni na koya masa ɗaure kifi biyu-biyu ta wutsiya shekara goma sha huɗu da suka wuce. Tun rasuwar Borghild shi ke kwashe mini dusar ƙanƙara a ƙofa kowace safiya. Har yanzu yana kwashewa, amma ya daina ƙwanƙwasa taga, ya daina shigowa shan kofi. Sati biyar ke nan.

'Yata ta ce in je in ba shi haƙuri. Haƙurin me? Ban yi laifi ba. Su da suka ɓata su gyara, a labaran ƙarfe bakwai, inda ya gani. Ta yaya zan tilasta musu?

Tsoho daga tsibiri

Kawu, an zalunce ka, ba zan ɓoye maka ba. Labari ɗaya a talabijin ba ya wuce minti biyu, dole su yanke, kuma sunayen jiragenka tun farko ba su da wuri a ciki. Wannan iyakar aikin ce, ba mugunta ba. Amma yankan da ya juya ma'anar magana kuskure ne, ko da gaggawa ce ta jawo shi.

Ka rubuta wa editan tashar, ka faɗi rana da lokaci, ka nemi su saurari cikakken abin da suka naɗa. In ba su amsa ba, ka kai ƙara hukumar da ke sauraron ƙorafi kan 'yan jarida. Sai dai ka sani, zai ɗauki watanni, kuma in ka yi nasara, gyaran layi biyu ne da wataƙila Rimantas ba zai gani ba.

Shi ma ka duba nasa ɓangaren. Ya ga fuskarka, ya ji muryarka, bai san akwai sauran magana ba. Duk da haka bai ajiye shebur ba. Na yarda ba haƙuri za ka ba shi ba. Rabin jumla kawai bai ji ba, kuma kai kaɗai ke da ita.

Gobe da safe, in ka ji ƙarar shebur, kada ka jira taga. Buɗe ƙofa, ka ƙarasa masa maganar, ka fito da kofunan Borghild. Ina yi muku fatan alheri, ku biyun.

Torunn